Jarumar Westview da Bashin da Ba a Biya Ba

A ranar 5 ga Maris 2021 dandalin Disney+ ya saki kashi na tara, kuma na ƙarshe, na shirin WandaVision. Kafin gari ya waye masoya shirin sun rabu gida biyu: masu zubar da hawaye saboda jarumar labarin, Wanda Maximoff, da masu tambayar yadda aka yi ta fice daga garin Westview ba tare da kowa ya tuhume ta ba. Da yawa ma sun tsinci ra'ayoyin biyu a zuciya ɗaya, suna tausayinta suna kuma jin haushinta. Wannan rabuwar zuciya tana da hujja, domin shirin ya ƙware wajen nuna yadda baƙin ciki ke sauya mutum, sannan ya kauce wa tambayar da ke biye: wa zai biya waɗanda wannan baƙin ciki ya tattake?

Tausayin yana da tushe mai zurfi. Maximoff, wadda Elizabeth Olsen ke fitowa a matsayinta, tana yarinya bam ya kashe iyayenta a Sokovia, ƙasar da aka ƙirƙira domin labarin. A fim ɗin Avengers: Age of Ultron na 2015 ta rasa ɗan tagwaicinta Pietro. A Captain America: Civil War na 2016, a wani artabu da labarin ya ajiye a Legas, ta yi ƙoƙarin kawar da wutar bam daga taron jama'a sai ta faɗa kan wani bene ta hallaka mutane. A Avengers: Infinity War na 2018 ta kashe masoyinta Vision da hannunta domin hana Thanos samun dutsen da ke goshinsa, sai Thanos ya mayar da lokaci baya ya sake kashe shi a gaban idonta. Duk mai kallon da ya bi wannan tarihi ya san cewa macen da ta isa Westview ba ta da sauran kowa a duniya.

Marubutan shirin, ƙarƙashin jagorancin Jac Schaeffer, sun sami hanya mai kyau ta nuna wannan rauni. Maximoff ta je filin da Vision ya saya musu a Westview, a jihar New Jersey ta Amurka, alhininta ya fashe, ƙarfin tsafinta ya mayar da garin baki ɗaya wasan barkwanci na iyali irin na talabijin. Kashi biyu na farko sun zo baƙi da fari, kamar shirye-shiryen shekarun 1950 da 1960, daga nan kowane kashi ya riƙa matsowa zamani. Sai a kashi na takwas aka bayyana dalili: irin waɗannan wasanni take kallo da iyayenta a daren da bam ya faɗo. Ta gina wa kanta duniyar da kowace matsala ke warwarewa cikin rabin awa, ta dawo da Vision, ta haifi tagwaye, Billy da Tommy. Shirin ya fito ne lokacin annobar korona, sa'ad da gidaje da yawa ke cikin makoki, don haka ba mamaki ya taɓa zukata. An zaɓe shi takarar kyautar Emmy har sau 23.

Sai dai Westview gari ne mai mutane, kuma shirin da kansa bai ɓoye abin da ya same su ba. A kashi na biyar Vision ya farkar da abokin aikinsa Norm na ɗan lokaci, mutumin ya ruɗe yana neman wayarsa don ya ji halin mahaifinsa marar lafiya. A kashi na shida, a gefen gari, an ga wata mata tana maimaita motsi ɗaya ba tsayawa, hawaye na gangarowa a kumatunta. A kashi na ƙarshe mutanen garin sun kewaye Maximoff: wata uwa tana roƙon a bar ta ta rungumi 'yarta, wasu suna cewa mugayen mafarkanta suke yi idan sun kwanta, wata kuma ta ce in ba za a sake su ba gara a bar su su mutu. Dubban mutane ne aka ƙwace wa jiki da tunani domin mutum ɗaya ta sami sauƙi.

A nan ne haushin mai kallo ya samo asali. Bayan Maximoff ta rushe duniyar da ta gina, Monica Rambeau, jami'ar da ta fi kowa fahimtarta, ta gaya mata cewa mutanen garin ba za su taɓa sanin abin da ta sadaukar dominsu ba. Wato an juya lissafi: wadda ta tsare mutane ta zama mai alheri saboda ta sake su. Maximoff ta bai wa Monica haƙuri a taƙaice, ta tashi sama ta tafi, mutanen garin suna binta da harara. Mafi nauyi ma shi ne hukuncin da ta yanke wa abokiyar gabarta Agatha Harkness: ta kulle ta cikin halin maƙwabciya mai shisshigi, ta bar ta a garin. Abin da ta yi wa jama'a cikin ruɗani shi ta maimaita a kan Agatha da gangan, bayan ta ji daga bakin waɗanda abin ya shafa irin azabar da ke cikinsa.

Masu kare ƙarshen shirin suna da abin faɗa, kuma bai kamata a raina shi ba. Maximoff ba da niyya ta fara ba. Da ta gane gaskiya ta zaɓi ta rasa miji da 'ya'ya, ta kwantar da yaran ta yi musu sallama tana sane da cewa ba za su wayi gari ba. Sannan babu kurkukun da zai iya riƙe ta, kuma hukumar da za ta kama ta, ƙarƙashin Tyler Hayward, ita ce ta daddatsa gawar Vision don ƙera makami. Duk wannan gaskiya ne. Amma tun kashi na biyar ta fito daga garin ta gargaɗi jami'an tsaro su ƙyale ta, ta koma ciki, a kashi na shida kuma ta ƙara faɗin iyakar ta haɗiye wasu mutanen. Mai kallo kuwa ba ɗauri yake nema ba. Yana neman abin da kowace al'umma ta sani game da gyara laifi: a tsaya gaban wanda aka zalunta, a saurare shi, a nemi gafararsa, a mayar da abin da zai yiwu. Daina zalunci matakin farko ne kawai, kuma a nan shirin ya tsaya.

Abin da ya biyo baya ya ƙara dagula lamarin. A watan Mayu 2022 fim ɗin Doctor Strange in the Multiverse of Madness, wanda Sam Raimi ya ba da umarni, ya dawo da Maximoff a matsayin muguwa: tana farautar yarinya America Chavez don ƙwace ƙarfinta, tana kashe duk wanda ya tare mata hanya, don dai ta isa ga 'ya'yanta a wata duniyar. Fim ɗin ya ɗora laifin a kan Darkhold, littafin tsafin da aka gan ta tana karantawa a ƙarshen shirin. Masu tausayinta sun ji an yi watsi da darasin da ta koya cikin kashi tara. Masu haushinta sun ce dama ba ta koyi komai ba. Dukansu sun yi hasara ɗaya: da zarar an ce littafi ne ya lalata ta, an cire mata zaɓi, kuma halin da ba shi da zaɓi babu yadda za a auna ko ya nuna ko bai nuna ba.

Tushen matsalar yana cikin tsarin kasuwancin Marvel. Jarumi a irin wannan duniya dukiyar kamfani ne da ake buƙata a fim na gaba, don haka shiri na iya girgiza shi amma ba a ba shi damar kammala shi ba. Marubutan WandaVision dole su miƙa Maximoff a yanayin da wasu marubutan za su iya amfani da ita, kuma zaman neman gafara a Westview ba ya cikin wannan buƙata. Sakamakon shi ne labarin da ke ba baƙin cikin mai ƙarfi awanni, ya ba na talaka mintuna. Wannan rabo ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin an yafe wa babba laifi da sunan halin da yake ciki, alhali ba a tambayi waɗanda ya cutar ba.

Saboda haka mai kallon da ya yi kuka lokacin da Maximoff ke sallama da Vision, sannan ya ɓata rai lokacin da ta wuce mutanen Westview ba ta ce musu uffan ba, ya karanci shirin daidai. Kashi ɗaya aka rage masa: wanda a cikinsa za a ga Norm ya sami wayarsa, a ji ko ya tarar da mahaifinsa da rai, a kuma ga Maximoff tana zaune tana sauraron amsar.