Tankar Yaƙi a Tafin Hannu: Wasa ne ko Karatu?

A ƙasashe irin su Jafan da Ingila da Jamus da Amurka akwai wani aikin hannu da mutane suke yi domin nishaɗi, wanda idan Bahaushe ya fara gani zai ce ai wannan aikin marasa abin yi ne. Za ka tarar da magidanci, wani ma har da furfura, ya sayo kwali cike da gutsattsarin roba, ya zauna makonni yana yanka, yana gogewa, yana mannawa, yana shafa fenti, har ya fitar da tankar yaƙi wadda tsawonta bai wuce taƙi guda ba, amma kamanninta sak da ta gaske, har da tsatsa da taɓo da baƙin hayaƙi. Ba ta harbi, galibi ma ba ta tafiya. To, mene ne amfaninta?

Ni malamin ilmin halittu ne, ba soja ba, ba kuma injiniya ba. Amma ra'ayina shi ne, wannan aiki yana koyar da abubuwa uku da suke ƙaranci a wajen ɗaliban kimiyya da muke karɓa a jami'a: iya awo, iya lura, da ɗabi'ar tambayar dalili. Domin kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki tanka guda mu bi ta daki-daki. Ita ce T-34, wadda Tarayyar Sobiyat ta fara ƙerawa a birnin Kharkiv a shekarar 1940, bisa zanen Mikhail Koshkin da abokan aikinsa, aka kuma ƙera fiye da 50,000 kafin ƙarshen 1945.

Darasi na farko: awo

Mafi yawan irin waɗannan samfura ana yin su ne a kan sikelin 1:35, wato kowane santimita ɗaya a jikin samfuri yana wakiltar santimita 35 a jikin tankar gaske. Kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a Jafan shi ne ya yayata wannan sikeli tun daga farkon shekarun 1960. Faɗin T-34 mita 3 ne, saboda haka faɗin samfurinta santimita 8.6 ne. Kaurin sulkenta na gaba milimita 45 ne, wanda a samfuri zai koma milimita 1.3. An jingine wannan sulke da digiri 60 daga tsaye, don haka harsashin da ya taho kai tsaye sai ya ratsa ƙarfe mai kaurin milimita 90, wato ninki biyu, kafin ya shiga. Yaron da ya manna wannan ɓangare da hannunsa, ya kuma auna shi, ya fahimci wani babi na lissafin kusurwoyi fiye da wanda ya haddace shi domin jarrabawa. Gani ya kori ji.

Amma babban darasin yana wajen nauyi. T-34 ta 1941 tana da nauyin kimanin tan 26 da rabi. Da za a ƙera samfurin da ainihin ƙarfen da aka yi ta da shi, nawa zai auna? Yawancin ɗalibai za su raba nauyin da 35, su ce kilo ɗari bakwai da ɗoriya. Kuskure ne. An rage tsawo sau 35, an rage faɗi sau 35, an rage tsayi sau 35, don haka nauyi ya ragu sau 42,875, sai ya koma giram 600 da 'yan kai. Shi kuwa filin da sarƙoƙinta suke takawa, sau 1,225 kawai ya ragu. Ma'ana, ƙaramar tana danna ƙasa da kashi ɗaya cikin 35 na yadda babbar take dannawa.

Wannan doka ce da Galileo ya bayyana a shekarar 1638, masanin halittu J.B.S. Haldane kuma ya faɗaɗa ta a wata maƙala a 1926. Idan dabba ta ninka girmanta sau biyu, nauyinta zai ninka sau takwas, amma kaurin ƙashin da zai ɗauki nauyin sau huɗu kaɗai zai ninka. Shi ya sa ƙafafun giwa suke kamar ginshiƙai, na barewa kuwa kamar sillen kara. Shi ya sa raƙumi yake da faffaɗan tafi, kamar yadda aka yi wa T-34 sarƙa mai faɗin rabin mita domin kada ta nutse a taɓo da ƙanƙara. Kuma shi ya sa tankar Maus ta Jamusawa, mai nauyin tan 188, wadda ta tsaya a matsayin gwaji a 1944, ta fi ƙarfin yawancin gadoji. Injiniya da giwa doka ɗaya suke yi wa biyayya.

Darasi na biyu: lura

Haɗa samfurin kansa ba shi da wuyar fahimta, haƙuri kawai yake so. Sassan suna zuwa ne maƙale a jikin firam na roba. Sai a cire kowanne da ƙaramar filaya, a kankare tabon da reza, a goge da sanfefa mai laushi, a gwada zamansa ba tare da gam ba, sannan a manna. Gam ɗin ma ba irin na takarda ba ne: narkar da fuskar robar yake yi, idan ya bushe sai sassan biyu su zama abu guda, kamar walda. Wasu sarƙoƙin ɗaya bayan ɗaya ake haɗa gaɓoɓinsu. Sannu ba ta hana zuwa.

Inda gwani yake bambanta da ɗan koyo shi ne wajen ƙananan alamomi. Ga wanda bai sani ba, T-34 duk T-34 ce. Shi kuwa mai wannan aiki, kafin ya taɓa gam sai ya tambaya: ta wace shekara ce, kuma ta wace masana'anta? Tankokin farko suna da ƙaramar hasumiya mai ɗaukar mutum biyu, da ƙofa ɗaya babba a samanta. A 1942 aka fito da hasumiya mai kusurwa shida da ƙofofi biyu zagayayyu. A 1944 aka ƙara girmanta ta ɗauki mutum uku, aka sa mata igwa mai bakin milimita 85. Waɗanda masana'antar tarakta ta Stalingrad ta ƙera a 1942 sukan zo da ƙafafun ƙarfe zalla, saboda ƙarancin robar taya a lokacin. Hasumiyar da aka yi da zubi fatarta tana da kaushi, wadda aka yi da walda kuwa tana da santsi da layukan ɗinki. Duk wannan sai mai haɗawa ya zauna da tsofaffin hotuna ya tantance, sannan ya ƙara abin da kwalin bai zo da shi ba: marikin hannu daga siririyar waya, igiyar ja daga zaren tagulla, ragar injin daga fallen farin ƙarfe.

Mai karatu, wannan ba wani abu ba ne illa ilmin rarrabe halittu a cikin wata riga. Ga wanda bai sani ba, sauro duk sauro ne. Amma Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, idan ya sauka a bango yakan ɗaga bayansa sama, kuma fukafukan yawancin irinsa suna da ɗigo-ɗigo. Shi kuwa Kuleks yakan daidaita jikinsa da bangon. Wanda bai iya ganin wannan bambanci ba, ba zai iya aikin yaƙi da sauro ba ko da ya haddace littafin daga bango zuwa bango. Sau da yawa idan muka ce ɗalibi ya zana abin da yake gani a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ya zano mana hoton da ya tuna daga littafi, ba abin da yake gabansa ba. Ido ma sai an hore shi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasi na uku: kowane tabo da dalilinsa

Bayan haɗawa sai fenti. Ana fara fesa shimfiɗa domin fenti ya kama, sannan ainihin launi, wato koren nan na sojan Sobiyat da ake kira 4BO. Masu gwaninta sukan ɗan haskaka launin, domin kallon samfuri daga nisan mita ɗaya daidai yake da kallon tankar gaske daga mita 35, kuma duk wanda ya taɓa hangen dutse daga nesa a lokacin hazo ya san cewa nisa yana kashe kaifin launi. Daga nan sai a tsinka fenti mai duhu ya zama kamar ruwa, a ɗiga shi a bakin wani tsagi, sai ya bi tsagin da kansa, ta hanyar da kananzir yake hawa lagwani. Sai kuma a ɗauki buroshi wanda aka goge kusan duk fentinsa, a shafa a kan gefuna domin su fito.

Mataki na ƙarshe shi ne tsufantarwa, kuma nan ne tunani yake shiga. Ba a zuba datti barkatai. Injin T-34 na dizal ne, saboda haka baƙin hayaƙi zai taru a ƙarƙashin salansa biyu da suke bayanta. Fenti zai ɓare a bakin ƙofofi inda takalman sojoji suke takawa. Haƙoran sarƙa za su yi ƙyalli saboda guga, tsatsa kuwa sai inda ruwa yake kwanciya. Taɓo zai fi yawa a baya, domin can sarƙa take watsa shi. Wannan shi ne irin karatun da dillalin dabbobi yake yi idan ya buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa daga cin haƙoransa: daga alama a gano sanadi.

A wajen fenti ne kuma ilmin halittu ya shiga tarihin yaƙi kai tsaye. A 1896 Ba'amurke Abbott Thayer ya bayyana dalilin da ya sa dabbobi da yawa, irin su barewa da tarwaɗa, suke da duhun baya da farin ciki: haske yana sauka daga sama, inuwa tana ƙasa, sai launin jikin ya soke inuwar, dabbar ta zama kamar shafaffe. Hugh Cott, masanin dabbobi na jami'ar Kambirij, ya wallafa babban littafinsa kan launin dabbobi a 1940, sannan ya zama babban malami a makarantar koyar da ɓad-da-kama ta sojan Ingila a Helwan ta Masar. A Oktoban 1942, gab da gwabzawar El Alamein, Ingilishi suka lulluɓe tankokin gaske da rumfuna suka mai da su kamar manyan motoci a arewacin fagen daga, suka kuma jera tankokin bogi na yadi da zarben dabino a kudu, kamar yadda ƙuda marar dafi yake aron kamannin rina. Abin sha'awa shi ne, mai fentin samfuri akasin aikin barewa yake yi: yana ƙara haske a sama, yana ƙara duhu a ƙasa, domin siffa ta fito. Ba zai iya haka ba sai ya fahimci dokar da yake juyawa.

Masu suka

Wani zai ce, a ƙasar da ta yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, wadda kuma yaranta na arewa maso gabas suka taso tun 2009 suna ganin motocin sulke a ƙofar gida, ya dace a ƙawata wa yara makamin kisa? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce, fina-finai su ne suke ƙawata yaƙi; awo kuwa tsiraita shi yake yi. Wanda ya haɗa cikin T-34 ya ga yadda aka cusa mutum huɗu a ɗan akurki, harsasai a ƙarƙashin ƙafafunsu, tankunan mai a gefensu, kuma ya karanta cewa dubun dubatar waɗannan tankoki a fagen daga suka ƙone, ba zai ƙara ɗaukar yaƙi wasa ba. Duk da haka, malamin da ya san ɗalibansa suna ɗauke da raunin zuciya, sai ya ba su tarakta ko katafila ko jirgin ƙasa. Darasin ɗaya ne.

Wani kuma zai ce kayan daga waje ake kawo su, kuma suna da tsada. Gaskiya ne. Amma ai muna da tushen abin a gida. Wane gari ne a ƙasar Hausa ba a san motar kara ba, ko motar gwangwani da waya mai dogon sitiyari? Yaron da yake ƙera ta ya riga ya iya yanka da haɗawa da kwaikwayon siffa. Abin da ya rage masa shi ne ma'auni da lissafi. Maimakon a ba shi su, sai a tattake motar a ce ya je ya yi karatu, alhali kuwa a 1953 da waya da fallayen ƙarfe da kwali Watson da Crick suka gina samfurin da ya bayyana wa duniya siffar sinadarin gado na DNA.

Kammalawa

Ina kira ga malaman kimiyya na makarantun sakandare, musamman masu kula da ƙungiyoyin JETS, da su sa ƙera samfuri a cikin ayyukan zango, da kwali ko gwangwani ko kara, bisa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ɗalibi ya faɗi sikelinsa, ya kuma gabatar da teburin awon kowane sashe. Na biyu, ya nuna hoto ko ainihin motar da ya kwaikwaya, a gwada a gani. Na uku, duk tabon da ya sa da fenti, ya faɗi abin da ya jawo shi. A riƙa yin aikin gam da fenti a inda iska take shiga, reza kuma a ƙarƙashin idon malami. Su kuma iyaye, idan sun ga yaro ya duƙufa a kan motar kara, kada su karya ta. Su saya masa rula, su tambaye shi: sau nawa ta gaske ta fi wannan girma?