Babur Ba Waya Ba Ne: Kada Ka Fara Hawan Kuros Da Babur Ɗin Tsere

Duk mai yawan latsa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: mutum sanye da hular kwano mai dogon baki, a kan wani siririn babur mai tsayi, ya taso daga bayan tudun rairayi ya yi sama kamar shirwa, ya dira ƙura ta turnuƙe. Bidiyon bai wuce daƙiƙa 15 ba, amma ya isa ya sa matashi ya kwana yana lissafin abin da ke asusunsa. Irin wannan babur da ake ƙerawa don burji, rairayi, taɓo da duwatsu shi ne masu jin Faransanci ke kira moto-kuros. Ni ma kuros zan riƙa ce masa a nan.

Kwanakin baya wani ƙanena ya turo mini hoton Honda CRF450R ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, wannan nake tara wa kuɗi." Na tambaye shi dalili. Ya ce ai shi ne mai babban inji, gara ya sayi babba sau ɗaya ya huta. Yaron nan bai taɓa hawa abin da ya wuce Boxer ba, ita ma a kan kwalta.

Amsar da na ba shi ita zan bai wa duk mai wannan buri. Babur ɗinka na farko ya kasance ƙarami, mai sanyin hali, wanda ƙafarka ke taɓa ƙasa a kansa, wanda kuma bakaniken unguwarku zai iya kwancewa ya ɗaure. Duk wani abu bayan wannan ado ne.

Lambar cc ba RAM ba ce

Mu da muka taso da waya a hannu mun saba da saye ta hanyar kwatanta lambobi. RAM mai giga 8 ya fi mai giga 4, batir mai 5000mAh ya fi mai 4000mAh. Idan ƙarfin waya ya yi maka yawa, babu abin da zai same ka, iyaka dai ka biya kuɗin abin da ba ka amfani da shi. Babur ba haka yake ba. Ƙarfin da ya fi ƙarfinka ba ya zama a ajiye yana jiranka. Yana nan a ƙarƙashin tafin hannunka na dama, kuma ranar da ka firgita a kan gargada, ranar zai fito.

Duba lissafin. Boxer mai cc 100 da ake acaɓa da ita tana da ƙarfin doki wajen 8. CRF450R yana da sama da 50, alhali nauyinsa kilo 110 ne da ɗan ɗoriya, kusan daidai da na Boxer ɗin. Wato nauyi guda, ƙarfi ninki shida. Abin da ke faruwa da sabon shiga kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ya ɗan murɗa totur, babur ya zabura, jikinsa ya yi baya, kuma da yake kan babur ɗin ne kaɗai abin riƙonsa, hannunsa ya ƙara murɗa totur ɗin ba da niyya ba. Kafin ya ankara ya rungumi katanga ko bishiya. Ƙaramin babur yana ba ka daƙiƙa biyu ka gyara kuskurenka. Babba ba ya bayarwa.

Kuros iri biyu ne, kuma hoto ba ya nuna bambancin

A allon waya duk kamarsu ɗaya: taya mai gaɓa-gaɓa, doguwar shokazoba, robobi masu launi. Amma akwai na tsere, akwai na yawo.

Na tsere, irin su Honda CRF250R da CRF450R, Yamaha YZ250F ko KTM 250 SX-F, an ƙera su ne don fili na musamman inda ake zagaye da tsalle na rabin awa a tashi. Ba su da fitila, ba su da ƙafar jingina, tankinsu lita shida zuwa bakwai ne. Ruwa ke sanyaya injinsu, kuma sai da gudu iska ke ratsa lagireto, don haka idan kana rarrafe a giya ɗaya kana koyon kuloci cikin zafin watan Afrilu, ruwan tafasa zai yi. Hidimarsu da awa ake lissafa ta, ba da kilomita ba. Littafin Honda na irin waɗannan baburan yana maganar canza baƙin mai, har da fistin da ringi, bayan kimanin awa 15 na tsere. Ka tambayi kanka ko ka taɓa ganin fistin ɗin CRF250R rataye a shagon kayan babur na garinku.

Na yawo kuwa, irin su Honda CRF125F da CRF250F, Yamaha TT-R125 da TT-R230, ko Kawasaki KLX140 da KLX230R, iska ke sanyaya su kamar baburan da muka saba da su. Ƙarfinsu a hankali yake zuwa, sirdinsu ya fi laushi, suna jure tafiyar hawainiya, kuma idan kana canza musu baƙin mai kana wanke filta, sai su yi shekaru ba a buɗe injin ba. Harafi ɗaya ne tsakanin CRF250F da CRF250R, amma halinsu kamar na jaki da ingarman doki ne. Wanda bai taɓa hawa ba, jaki ne zai kai shi gida lafiya.

Akwai kuma masu injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kamar ƙaramin janareton nan na shago, misali Yamaha YZ125. Kada lambar 125 ta ruɗe ka. Irin wannan inji lagwani ne a ƙasa, sai ya kai wani mataki na juyi ya ɓalle gaba ɗaya. Ƙwararru na son sa saboda haka, kai kuma saboda haka ne ya kamata ka bar shi sai gaba.

Gwada tsayinka kafin ka gwada aljihunka

Sirdin kuros na tsere yana kai santimita 95 zuwa 96 daga ƙasa. Na TT-R230 wajen 87 ne, na CRF250F wajen 88, na CRF125F kuma tsakanin 74 da 79, ya danganta da girman tayarsa. A kan kwalta wannan bambanci ba ya damun kowa sosai, amma a kan gangare ko cikin rairayi, inda ƙasa ba ta daidaita ba, santimita biyar ce ke raba wanda ya dafa ƙafa da wanda ya kife. Ka hau babur ɗin da takalmin da za ka riƙa hawa da shi. Idan ba ka iya kafa gaban tafin ƙafafunka biyu a ƙasa ba, ko aƙalla ƙafa ɗaya sosai, ba naka ba ne tukuna.

Gwaji na biyu ya fi wannan muhimmanci: a kwantar da babur ɗin a ƙasa, ka ɗaga shi kai kaɗai. A watanninka na farko za ka faɗi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma babu abin kunya a ciki. Babur ɗin da ɗagawa uku ke ƙarar maka da numfashi zai mayar da ranar nishaɗi ranar dako.

Babur ɗin da ba shi da kayan gyara gunki ne

Nan ne shawarar 'yan YouTube na Amurka da Turai ke daina yi mana aiki. Su idan abu ya karye, su yi oda ya iso ƙofar gida a kwana biyu. Kai kuwa mariƙin kuloci ɗaya zai iya zaunar da babur ɗinka wata guda yana jiran kaya daga waje, da kuɗin dala. Saboda haka kafin ka je wurin mai sayarwa, ka fara zuwa wurin bakanike. Ka nuna masa hoton, ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinsa, kuma ina ake samun sarƙa, birki, filogi da tayarsa.

Shi ya sa nake ganin ga mafi yawanmu, abin da ya fi dacewa shi ne babur mai baki biyu, wanda ke hawa kwalta ya kuma shiga burji, irin su Honda XR150L ko Yamaha XTZ125. Suna da fitila da madubi, ana iya yi musu lamba, injinsu kuma ɗan'uwan waɗanda bakanikenmu suka sani ne. Ba banza ba ƙungiyoyin lafiya da malaman gona suka daɗe suna shiga ƙauyukan Afirka da Yamaha AG200. Kuros zalla kuwa ba shi da hurumin hawa titi, wato sai ka nemi motar da za ta kai shi bayan gari ta dawo da shi duk ranar da za ka hau.

Masu kama da kuros ƙirar Sin fa? Ban raina su ba. Da yawansu injinsu samfurin tsohon injin Honda CG ne, wanda kayansa ke ko'ina. Rauninsu yawanci a shokazoba, waya-wayan taya da kusoshi yake. Don koyon kuloci, birki da tsayuwa a kan matakin ƙafa, sun isa. Don tsalle kuwa, a'a.

Na san masu karanta wannan shafi za su tambayi na lantarki. Sur-Ron Light Bee bai kai kilo 60 ba, ba shi da kuloci ba shi da giya, ba ya ƙara, kuma yana da daɗin koyo. Sai dai cajinsa na cin awanni, batirinsa ne mafi tsadar abin da ke jikinsa, kuma ba zai koya maka kulocin da za ka buƙata gobe ba. Idan wutar unguwarku ko solarku ta tsaya da ƙafarta, bismilla. Amma ka sani lantarki ba ya nufin sauƙi: Stark Varg na lantarki ne, kuma yana kai doki 80.

"Ai zan gaji da shi cikin wata uku"

Wannan ita ce hujjar ƙanena, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wata rana ƙaramin babur zai yi maka kaɗan. To, sai me? Ka sayar. Babur mai sauƙin gyara ba ya rasa mai saye, na tseren da aka ƙone wa inji kuwa sai dai a sayar da shi gunduwa-gunduwa. Kuma abin da ake koyo a shekarar farko ba gudu ba ne. Tsayuwa ne a kan matakin ƙafa, da kallon inda za ka maimakon kallon tayar gaba, da mayar da nauyi baya a riƙe totur daidai cikin rairayi, da taɓa birkin gaba ba tare da taya ta zame ba. Duk wannan sai a kan babur ɗin da ba ka jin tsoro.

Ga mai ganin ƙaramin inji abin raini ne, ya tuna gasar Dakar ta farko, wadda ta tashi daga Paris a ƙarshen 1978 ta ratsa ta Agadas da Yamai ta ƙare a Dakar a Janairun 1979. Cyril Neveu ne ya cinye ta a kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya da iska ke sanyayawa, wanda ƙarfinsa bai kai doki 35 ba. Wato CRF450R ɗin da ƙanena ke so ya fara koyo da shi ya fi abin da aka ƙetare Sahara da shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Raba kuɗin gida biyu

Idan kuɗinka na babur ne kaɗai, to kuɗinka bai cika ba. Hular kwano mai rufe haɓa, mai tambarin ECE ko DOT na gaskiya, ita ce farko. Sai dogon takalmi mai tauri da ke kare idon sawu da ƙwauri, domin ƙafa ce babur ke fara dannewa. Sai tabarau na ƙura, safar hannu da makarin gwiwa. A 2009, da aka tilasta sa hular kwano a Najeriya, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka riƙa kifawa a ka. Ƙwarya na iya ruɗar jami'i daga nesa, amma ba ta ruɗar dutse.

Idan na hannu za ka saya, ka je da bakanikenka, ka ce kada a tayar da injin kafin ku iso, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Ku buɗe filtar iska: idan akwai ƙura a bayanta, ta riga ta shiga inji, kuma ƙurar hunturu tana cin ringi kamar yashi. Ku duba yoyon mai a shokazobar gaba, ku girgiza tayoyi, ku duba haƙoran sarƙa, ku tabbatar lambar jikin babur ta yi daidai da ta takarda.

Abu na ƙarshe, inda za ka hau. A sassan Zamfara, Katsina, Kaduna, Diffa da Tilabéri an sha taƙaita ko hana hawa babur saboda tsaro, kuma baƙon matashi a kan babur mai ƙara a bayan gari abin zargi ne ga jami'ai da mutanen ƙauye. Ka san dokar yankinku, ka gaida mai unguwar wurin, kada ka fita kai kaɗai, ka tura wa wani a gida inda kake ta waya. Gonar mutane kuma ba filin wasa ba ce, ko da an girbe.

Ƙanena bai ji daɗin amsata ba, ya yi kwana biyu bai yi mini magana ba. A rana ta uku sai ga hoton wani XR150L na hannu, da tambaya a ƙasa: "Yaya, wannan fa?" Na ce ya je ya kwantar da shi ya ɗaga, sa'annan ya turo mini hoton hular da zai saya.