Kasuwar Kurmi: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Gabatarwa

Kasuwanni kaɗan ne a ƙasar Hausa suka kai Kasuwar Kurmi ta birnin Kano suna da daɗewa. Duk da haka, akan ji wasu na cewa zamaninta ya wuce, gara a rushe rumfunanta a tsayar da shagunan bene a gurbinsu. Wannan maƙala na ganin shawarar kuskure ce, kuma za ta kawo dalilanta daga tarihin kasuwar da halin da take ciki.

Asalin Kasuwar

Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne ya kafa kasuwar a gefen rafin Jakara. Sannu a hankali ta zama matattarar fatake: Larabawan Gadamus da Turabulus, Buzaye masu gishirin Bilma, da fataken goron Gwanja, waɗanda a ƙarni na 19 ayarinsu kan yada zango a Jega ta ƙasar Gwandu. Dokta Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga garin kowace shekara sun kai wuri miliyan 300.

Amma abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne shaidar Clapperton, Baturen da ya shiga kasuwar a 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya tarar kowace sana'a da unguwarta, kuma Sarkin Kasuwa ke ba da rumfa yana lura da farashi. Har ila yau ya ce akan rubuta sunan dillali a takarda a sa cikin ƙunshin riga ko turkuɗi. In an kai kayan wata ƙasa, ko da Barno ce, aka ga aibi, sai a komo da su, a nemo dillalin, dole a mayar wa mai saye kuɗinsa. Watau tun shekara ɗari biyu da suka wuce, amana ce jarin Kurmi na fari.

Abin Da Ke Jawo Masu Saye

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, sai ciniki ya fara karkata zuwa wajen ganuwa. Yau mai neman atamfa da shadda a sari Kantin Kwari yake zuwa, mai neman kayan kanti kuwa Sabon Gari. To, me ya rage wa Kurmi?

Abin da ya rage mata shi ne abin da ba kowace kasuwa ke da shi ba. Mai shirin hawan Salla a nan zai sami sirdi da linzami da likkafa da jalala. Uwar amarya za ta sami turaren wuta da tsakiya da murjani da ƙwarya mai zane. Almajiri zai sami allo da gafaka da littattafan karatun zaure. Ga aikin dukawa, ga saƙi, ga baƙin rini mai ƙyalli. Lungunan kuwa matsattsu ne, rumfa na kallon rumfa, inuwa ta rufe mai tafiya ko da rana ta take. Mai saye kan zauna a bakin rumfa, a gaisa, ya taya, a ce albarka, ya ƙara, har a sallama. Sau da yawa wanda ke sayarwa ya gaji rumfar ne, ya san hannun da ya yi kayan, kuma ya san gobe ma nan za a same shi.

Matsaloli

Ba za a ƙi gaskiyar masu suka ba. Akwai cunkoso, lambatu kan toshe da damina, Jakara ta ƙazantu, kuma in gobara ta tashi motar kashe wuta ba ta da hanyar shiga lungu. Sai dai waɗannan duka gyara suke bukata. Ranar da aka gina bene aka tsawwala kuɗin haya, baduku da ɗan koli ne za su fara tashi, mai kayan roba na ƙetare ya maye gurbinsu. Sa'an nan sunan Kurmi zai saura, kasuwar kuwa ta tafi.

Kammalawa

Ya kamata hukuma ta gyara lambatu da rufi da wayoyin lantarki, ta buɗe hanyoyin ko-ta-kwana, ta bar kowace sana'a a unguwarta da haya daidai ƙarfin masu ita. Ɗaliban Hausa ma suna da nasu aikin. Sunayen kayan doki, da kalmomin dukanci, da salon tayi da dillanci, suna nan a bakin dattawan rumfuna, kuma ba duka ƙamus ya tattara ba. Wanda ke neman batun kundin digiri, ya ɗauki alƙalami ya nufi Kurmi tun dattawan nan suna da rai.