Tuwon Alkama Ba Magani Ba Ne

Duk wanda ya ratsa kantunan Kano ko na Kaduna a wannan zamani zai ga wani ciniki wanda kakanni ba su san shi ba. Ga garin alkama a leda, ga na acca, ga na ɗanyen agade, an rubuta a jikin kowanne cewa abincin masu ciwon sukari ne, kuɗinsa kuwa ya ɗara na garin masara. Masu gidajen abinci su ma sun bi sahu.

Neman ciniki wurin marasa lafiya ba aibu ba ne. Hasali ma taimako ne, gama magidancin da ya fita nema tun da asuba tilas ya ci abinci a waje. Aibun yana cikin abin da ake gaya masa. Alkama da masara da dawa da shinkafa duk jirgi ɗaya ya kwaso su: in sun shiga ciki narkewa suke yi su zama sukari, su bi jini. Gwargwadon laushin niƙa, gwargwadon saurin shigarsu. Dusa takan ɗan rage wannan sauri, wake da ganye sun fi ta ragewa, amma fa malmala uku ta alkama ta fi malmala ɗaya ta masara ɓarna. Mai sayarwa ba ya faɗin haka, don kuwa ribarsa tana cikin malmala ta uku.

Haka kuma zancen zuma. Albarkarta ba abin musu ba ce, sai dai a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta tare da sukari cikin abin da za a taƙaita. Saboda haka wanda ya zuba ta cikin kunun aya, ya ce da mai ciwo ya sha iyakar shansa, ya yaudare shi. Mai hawan jini shi ma bai tsira ba. An ƙayyade wa baligi ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika cokalin shayi ba, alhali kuwa mai miya takan rage gishiri ta ƙara dunƙule, wanda kusan rabinsa gishirin ne.

Ba a rasa doka ba. Tun 1974 aka hana tallar abinci ko magani da sunan yana warkar da ciwon sukari ko hawan jini, aka kuma kafa hukumar NAFDAC a 1993 don ta sa ido. To, amma ido yana ganin rubutun leda, kunne ba ya kaiwa ga abin da ake raɗa wa mutum a bakin kanti. Nan ne ake ce masa da wannan gari ya rabu da asibiti. Shi kuwa talaka, da kuɗin magani ya riga ya gallabe shi, sai ya ajiye ƙwaya da allura. Ciwon ba ya ihu. Sai ranar da gani ya dushe, ko ƙoda ta gaza, ko ɗan gyambon yatsa ya kai ga yanke ƙafa.

Mai abincin da ke son wannan ciniki bisa gaskiya, hanyarsa a buɗe take. Ya rage malmala, ya cika kwano da zogale da rama da wake, ya ajiye zoɓon da ba a sa wa zaƙi ba a tulu dabam, ya faɗi abin da ya zuba a tukunya in an tambaye shi. In mai saye ya kawo zancen barin magani, ya mai da shi wurin likita.