Wa Ke Riƙe da Makullin Makaranta? Waiwaye a Kan Gobarar Makka ta 2002

Da safiyar Litinin, 11 ga watan Maris na shekarar 2002, wanda ya yi daidai da 27 ga Zulhajji na 1422, gobara ta tashi a wata makarantar 'yan mata da ke unguwar Hindawiyya a birnin Makka. Ana kiran makarantar Matsakaiciya ta 31, wato irin wadda a Nijeriya ake ce wa ƙaramar sakandare. A lokacin ba a cika mako uku da saukowa daga Arfa ba, alhazai da dama ma ba su gama komawa ƙasashensu ba. 'Yan mata 15 sun rasu, fiye da 50 kuma sun jikkata.

Tara daga cikin waɗanda suka rasu 'yan Saudiyya ne. Sauran kuwa 'yan Cadi ne da Masar da Gini da Nijar da Nijeriya. Wanda ya san Makka ba zai yi mamakin wannan jeri ba. Hindawiyya na cikin unguwannin da mutanen Afirka ta Yamma suka daɗe da zama, kuma Hausa ba baƙon harshe ba ne a lungunanta. Tun zamanin da ake tafiya aikin hajji a ƙasa, ta Cadi da Sudan, wasu mahajjata kan isa Makka su ƙi komawa. Ƙaurar ta ƙaru bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, lokacin da jama'a suka bi Sarkin Musulmi Attahiru suka nufi gabas. Shi ya rasu a yaƙin Burmi, amma wasu daga mabiyansa sun ci gaba, wasu suka zauna a Sudan, wasu suka ƙetare teku. Irin waɗannan mazauna su Hausawa ke kira takari. Saboda haka gobarar Hindawiyya ba labarin Larabawa kaɗai ba ne, domin an yi zaman makoki a gidajen da asalinsu yake ƙasashen baƙar fata.

Ginin da makarantar ke ciki ba don makaranta aka gina shi ba. Gidan zama ne mai hawa-hawa wanda hukuma ta kama haya, ta mayar da ɗakunan kwana azuzuwa, ta cusa ɗalibai fiye da 800 da malamansu. Tagoginsa da sandunan ƙarfe. Babu ƙofar gudu ta gaggawa, babu ƙararrawar gobara, babu isassun kayan kashe wuta. Jaridun ƙasar sun ba da labarin cewa ƙofar waje a kulle take, kamar yadda aka saba yi wa makarantun 'yan mata a wancan zamani da zarar an shiga aji.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan ya lura da yadda mutuwa take zuwa a irin wannan wuri, domin yawancin mutane idan suka ji gobara, harshen wuta suke tunawa. A Hindawiyya akasarin yaran ba ƙonewa suka yi ba, turmutsitsi ne ya kashe su. Matakalar gidan zama an yi ta ne domin iyali ɗaya, mutum biyu ko uku su sauka a jere. Idan ɗaruruwan yara suka nufo ta a lokaci guda, ga hayaƙi ga kururuwa, sai na baya su riƙa turo na gaba, alhali ba su san na gaban sun tsaya ba. Da zarar ɗaya ta faɗi, ta biyu za ta faɗa kanta, ta uku ta biyo, har a yi tsibi. Wadda ke ƙasa ba dole ne a taka ta ba kafin ta mutu. Nauyin da ke kan ƙirjinta ya isa ya hana ta jawo numfashi, kuma mintuna kaɗan ake bukata. Idan ƙofar da ke gindin matakalar a buɗe take, taron zai riƙa tsiyayewa kamar ruwa a magudana. Idan a kulle take, kowane yaro da ya ƙaru daga sama nauyi ne a kan na ƙasa.

Abin da ya kai labarin kunnen duniya dai wani abu ne daban. Wasu jaridun Saudiyya, ciki har da Al-Iktisadiyya, sun ambato shaidu da ma'aikatan kashe gobara suna cewa jami'an Hukumar Umarni da Kyakkyawa da Hani ga Mummuna, wadda aikinta ya yi kama da na Hisba, sun hana wasu 'yan mata fita saboda ba su sanye da abaya da mayafi, sun kuma hana maza shiga ceto. Hukumar ta musanta. Ministan Harkokin Cikin Gida na lokacin, Yarima Nayif ɗan Abdul'aziz, ya ce jami'an ba su hana ceto ba, sun je ne don kada a ci zarafin yaran a waje, kuma firgita da turereniya ne suka jawo mace-macen. Binciken gwamnati ya wanke hukumar daga zargin, ya ɗora laifin sakaci a kan masu kula da ilimin 'yan mata. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam ba su gamsu da wannan wankewa ba, kuma har yau akwai masu riƙe da kowane ɗaya daga cikin zantuttukan biyu.

Idan zargin gaskiya ne, to babu wata mazhaba da za ta tsaya wa wanda ya aikata haka. Manyan malamai irin su Gazali da Shaɗibi sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta kiyaye, rai kuwa yana cikinsu. Ko ƙaramin ɗalibin fiƙihu a zauren Kano ko Katsina ya san lalura tana halatta abin da aka hana. Wanda aka yarda masa ya ci mushe don kada yunwa ta kashe shi, ba za a ce wa 'yarsa ta koma cikin hayaƙi ta ɗauko mayafi ba.

Amma akwai haɗari a tsayawa kan wannan zargi kaɗai, kuma jaridun Turai da Amurka da yawa a nan suka tsaya. Labarin mai gemu da ya tare ƙofa yana da sauƙin bayarwa, yana kuma sa mai sauraro ya ji cewa abin ba zai taɓa faruwa a garinsu ba. A ɗauka ma cewa babu jami'i ko ɗaya da ya zo wurin a ranar. Yara 800 suna nan a gidan da bai isa ya ɗauke su ba, tagogi suna nan da ƙarafansu, matakala tana nan da ƙuncinta, ƙofa tana nan a kulle. Waɗannan ba a safiyar Litinin aka yi su ba. Shekaru aka yi ana ganinsu, ana wucewa. Wani ya sa hannu a takardar haya, wani ya amince da yawan ɗaliban da aka ɗauka, wani ya zo duba makaranta ya koma ofis. Duk waɗannan mutane ba su da suna a labarin, kuma su ne suka fi yawa.

Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, babu garin da ya kai Makka sanin illar wuta da cunkoso. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a turmutsitsin ramin Mu'aisim. A 1997 gobara ta cinye tantunan Mina, ta kashe fiye da mutum 300, kuma bayanta gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi ta kafa tantunan da ba sa cin wuta, waɗanda alhazai ke kwana a cikinsu har yanzu. Ke nan ilimin yana nan, kuɗin ma suna nan. Baƙon da zai kwana uku ko huɗu an tanadar masa, 'yar gida da za ta yi shekara uku tana hawa matakala ɗaya kullum ba a tuna da ita ba.

Gaskiya ne an ɗauki mataki. Jaridun ƙasar, waɗanda ba su saba sukar hukumomin addini ba, sun yi kwanaki suna rubutu da zafi. Cikin makonni biyu aka sauke shugaban Hukumar Ilimin 'Yan Mata, aka haɗe hukumar da Ma'aikatar Ilimi. Tun 1960 aka kafa ta a ƙarƙashin kulawar malaman addini, domin a kwantar da hankalin iyayen da ke ɗari-ɗari da karatun mata, kuma shekara 42 tana cin gashin kanta. Yarima Abdullahi, wanda ke tafiyar da mulki a lokacin saboda rashin lafiyar Sarki Fahad, shi ya tsaya a kan wannan sauyi. A 2016 kuma aka ƙwace wa jami'an umarni da hani ikon kama mutane. Sai dai sauya sunan ofis ba ya faɗaɗa matakala: a watan Nuwamba na 2011 wata gobara a makarantar 'yan mata a Jidda ta sake cin rayukan malamai mata.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan ma ba gemun ɗan'uwa kaɗai ya kama ba. Shekara ɗaya kafin gobarar Makka, a watan Maris na 2001, 'yan mata fiye da 20 sun mutu a ɗakin kwanan wata makaranta a Gindiri ta Jihar Filato, kuma rahotanni sun ce a kulle suke. A Nuwamban 2015 ɗalibai bakwai suka rasu a gobarar dare a makarantar 'yan mata ta Jogana, kusa da Kano. A Nijar matsalar ta zo da wata siffa, wato azuzuwan zana da ake kafawa saboda ƙarancin gini: a Afrilun 2021 yara kimanin 20 suka ƙone a Yamai, a Nuwamban shekarar kuma fiye da 20 a Maraɗi, yawancinsu ba su wuce shekara shida ba. Babu jami'in Hisba a ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare.

Shugaban makarantar kwana a Arewa yana da amsa, kuma amsarsa ba ta raini ba ce. Zai ce: an kwashe 'yan mata 276 a Cibok a 2014, an kwashe 110 a Dapci a 2018, an shiga Ƙanƙara a 2020, an shiga Jangebe a 2021. Iyaye sun ba shi amanar 'ya'yansu, kuma abin da suka fara tambaya shi ne katanga da ƙofa. Idan ya bar ɗakin kwana a buɗe, wani abu ya faru, wa zai tsaya masa? Wannan tsoro na gaske ne. Duk mai ba da shawarar a cire kwaɗo a kuma yanke ƙarafan taga gaba ɗaya, bai kwana a makarantar da ke bakin daji ba.

Kuskuren yana wajen ɗaukar cewa zaɓi biyu ne kawai, ko a kulle ko a buɗe. Kwaɗon da aka maƙala ta waje, maigadi ya sa makullin a aljihu ya tafi sallah ko shan shayi, ba ya bambanta ɓarawo da ɗaliba: yadda ya hana wancan shiga, haka ya hana wannan fita. Sakatar da ake zurawa ta ciki kuwa tana hana na waje, amma yarinya 'yar shekara 12 tana iya zare ta cikin duhu. Ƙofar da ke buɗewa zuwa waje, idan taro ya danno ta, buɗewa take yi. Wadda ke buɗewa zuwa ciki, taron ne zai ƙara rufe ta. Ɗaki mai ƙofa biyu a kusurwa biyu ya fi mai ƙofa ɗaya, ko da kuwa ɗayar babba ce. Taga ɗaya a kowane ɗaki ana iya yi wa ƙarfenta maratayi yadda za a buɗe shi ta ciki. Duk wannan aikin mai walda ne da kafinta, kuma kuɗinsa bai kai na fentin da ake yi wa katanga in gwamna zai kawo ziyara ba. Amma ya kamata a faɗi gaskiya: a bayan kwaɗon waje akwai wani tunani da ba a cika furtawa ba, wato ana tsoron fitar yarinyar kamar yadda ake tsoron shigar ɓarawon. A nan ne Gindiri da Hindawiyya suka haɗu. Garin neman gira aka rasa ido.

Sauran aikin na zaman tare ne, kuma a wannan fanni makarantun ƙasar Hausa suna da abin da ba su san darajarsa ba. A makarantar kwana ta 'yan mata kusan kowace ƙaramar ɗaliba tana da uwar ɗaki a cikin manya, wadda ke kula da abincinta da wankinta da kukanta na kewar gida. Akwai shugabar ɗaki, akwai mai ƙararrawa, akwai dattijuwar da ke kwana kusa da yara. Wannan tsari da ake amfani da shi wajen shara da rabon abinci, shi ne ya kamata a yi amfani da shi wajen fita. Kowace uwar ɗaki ta san 'ya'yan ɗakinta nawa ne, ta san ta wace ƙofa za su bi, ta san gindin bishiyar da za a taru a ƙirga su. A gwada wannan sau ɗaya a kowane zangon karatu, wani lokaci da rana wani lokaci da dare, har ƙafa ta san hanya ba sai ido ya gani ba. A koya musu cewa hayaƙi sama yake tashi, don haka mai rarrafe ya fi mai gudu samun iska. A kuma faɗa musu ƙarara, daga bakin malamin addinin makarantar ba daga bakin wani ba, cewa idan ƙararrawa ta kaɗa ba a komawa ɗauko hijabi ko takalmi ko akwati. Yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya tun tana goye ba za ta yanke wannan hukunci da kanta a cikin daƙiƙa biyar ba, sai in an riga an yanke mata shi tun ana zaune lafiya.

Iyaye ma suna da nasu rabon. A ranar ziyara uba kan tambayi sakamakon jarrabawa, uwa kan duba ko yarinya ta rame, a ajiye garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu a koma gida. Da wuya a ga wanda ya nemi a kai shi ɗakin kwana ya ƙirga gadaje, ya taɓa ƙofa ya ga ta ina take buɗewa, ya tambayi shugabar makaranta sunan wanda makullin ke kwana a hannunsa da kuma inda shi mai makullin yake kwana. Ƙungiyar iyaye da malamai tana da hurumin yin wannan tambaya a taronta na farkon shekara, ta kuma nemi a rubuta amsar a littafin taro.