Na'urorin leƙen asiri da masunta ke tsinta a tekun Filifin

A ƙarshen watan Disamban 2024, wasu masunta a garin San Pascual da ke lardin Masbate na ƙasar Filifin suka tsinci wata na'ura mai launin rawaya tana yawo a kan ruwa, an rubuta HY-119 a jikinta. Suka miƙa ta ga hukuma. A watan Afrilun 2025, rundunar sojin ruwan ƙasar ta ce irin waɗannan na'urori biyar aka tsinta tsakanin 2022 da 2024, kuma bincike ya nuna ɗaya daga cikinsu ta yi musayar saƙo da ƙasar Sin. Kafin nan, a Disamban 2020, wani masunci a tsibirin Selayar na Indonesiya ya tsinci wata mai kama da samfurin Haiyi na Sin.

Waɗannan jiragen ƙarƙashin teku marasa matuƙa ba sa ɗauke da makami. Akasarinsu ma ba su da farfela: suna nutsewa su taso ne ta hanyar sauya nauyinsu a cikin ruwa, shi ya sa suke iya shafe watanni suna tafiya, suna auna zurfin teku da ɗuminsa da yawan gishirinsa, sannan su aika bayanan ta tauraron ɗan'adam.

Masu binciken kimiyya na amfani da waɗannan bayanai, haka ma sojoji. Ɗumi da gishirin ruwa su ne ke sauya yadda sauti ke tafiya a teku, da sauti kuma ake gano jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa. Duk wanda ya mallaki waɗannan alƙaluma ya san inda zai ɓoye jirginsa, da inda zai yi wa na abokin gaba kwanton ɓauna. Abin da ya fi tayar wa Manila hankali shi ne Masbate tana tsakiyar ƙasar, nesa da yankin da ake taƙaddama a kansa a Tekun Kudancin Sin.

Amurka ma tana wannan aiki. A Disamban 2016, sojin ruwan Sin suka ƙwace wata na'urar Amurka a kusa da gaɓar Subic ta Filifin, suka mayar bayan 'yan kwanaki. Sin kuma ta zarce ƙananan na'urori: a faretin 3 ga Satumban 2025 a Beijing, ta nuna manyan jiragen ƙarƙashin teku marasa matuƙa, ciki har da AJX002.

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce sai da izinin ƙasa ake binciken kimiyya a ruwanta na tattalin arziki, amma an rubuta ta ne kafin zamanin waɗannan na'urori. Idan an kama jirgi da mutane a ciki, akwai wanda za a tuhuma. Ita kuwa na'ura, mai ita na iya cewa igiyar ruwa ce ta kawo ta, ko ya yi gum da bakinsa.

Darasin da ke ciki ga ƙasashen da ba su da ƙarfin sojin ruwa shi ne, a Masbate da Selayar duka masunta ne suka gano kutsen, bisa tsautsayi. Matuƙar Filifin da Indonesiya ba su zuba kuɗi a na'urorin sauraren ƙarƙashin ruwa ba, waɗanda suka lalace ko suka faɗa komar masunta kaɗai za su riƙa gani.