Lokol na farko yana tsakar gida

Kowace safiya, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, uwaye mata suna fita kasuwa ko gona ko wurin aiki, su bar ƙananan ƴaƴansu hannun kaka ko maƙwabciya ko ƴar raino. Idan sun komo da marece, tambayarsu uku ce: yaro ya ci? ya yi barci? bai ji ciwo ba? Ba safai ake tambaya ko ya yi wasa, ko wani ya zauna ya yi magana da shi ba. Wannan kuwa sakaci ne mai tsada, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wasa shi ne karatun ƙaramin yaro. Wanda yake tuwon ƙasa da gwangwani yana koyon awo, yana gane cikakke da rabi. Wanda yake jera ƙwallon goruba yana koyon ƙidaya. Yarinyar da take goyon ƴar tsana tana yi mata hira, bakinta ne yake buɗewa. Tatsuniya da kacici-kacici suna koya wa yaro saurare da riƙe magana, kuma waɗannan su ne abin da mushe zai fara nema gare shi ranar da ya shiga lokol. Duk cikin wannan babu abin da ake saye da ko dala ɗaya.

An gwada abin an gani. A shekarar 1986, a ƙasar Jamaika, masana sun fara aiki da yara 129 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu, ma'aikatan lafiya sun riƙa zuwa gidajensu awa ɗaya kowane mako har shekara 2, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da yaro, da kayan wasan da aka ƙera a gida. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran, aka tarar waɗanda aka yi wasa da su sun fi sauran samun kuɗi da wajen kashi 25 cikin 100.

A shekarar 2019 kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla awa 3 na motsa jiki kowace rana, kada a bar shi goye ko ɗaure wuri ɗaya fiye da awa ɗaya a jere, kuma kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba gaban talabijin ko salula. Yau ga shi mai raino da yawa, da yaro ya fara kuka, sai ta miƙa masa salula don ta huta. Yaron zai yi shiru, amma salula ba ta amsa masa gwarancinsa.

Wasu za su ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne dokar ilimi ta 1998 ta sa jardan, wato lokol ɗin ƙananan yara, cikin tsarin karatun ƙasa. Amma jardan sun fi yawa a birane, kuma mafi yawan yaran Nijar ba su shiga su. Yaron da yake da shekara 2 yau ba zai tsaya jiran a gina masa aji ba.

Saboda haka wajibi ne hukumomi su kai ilimin inda yaran suke. Malaman yaƙi da jahilci su sa wasan yara cikin darasin mata. Ma'aikatan gidan likita, ranar awon jarirai, su yi maganarsa kamar yadda suke maganar kunu da rigakafi. Gidajen rediyon karkara su taimaka. A gargaɗi masu raino su nisanta yaro da murhu da bakin rijiya da ƙananan abubuwan da zai iya haɗiyewa. Kuma kada a hana yarinya lokol don ta yi rainon ƙanenta, gyaran wani ya zama ɓarnar wata.

Magidanta ma da nasu rabo. Uban da ya ƙera wa ɗansa motar kara, ya zauna suka tura ta tare, girmansa bai ragu ba. Allah ya raya zuri'a, ya sa ta amfani ƙasa.